Gahawar Gindin Ɗorawa

Hure ta fito daga ɗakin tsohon da kwanon kunu a hannu. Yadda ta shiga da shi haka ta fito, ko ludayin bai taɓa ba. Ta dire shi a gaban mijinta.

"Kwana huɗu ke nan, Malam. Ruwa kawai yake sha. Yau ko juyowa bai yi ba."

Muntaka ya dubi kunun, har ya fara yin fata a sama. Mahaifinsa Malam Yahya ya haura tamanin, ido kuma ya tafi tun shekara uku da suka wuce. Shekaranjiya sun kai shi asibiti, likita ya duba ya ce babu wata sabuwar cuta, tsohon ne kawai ya ƙi ci, kuma mai shekaru irin nasa ba ya daɗewa a haka.

Muntaka ya cire takalmi ya shiga, ya durƙusa a bakin katifa.

"Baba, ka daure ko ludayi biyu ne."

"Na gaya maka abin da nake so." Muryar ta shaƙe, amma babu ruɗewa a cikinta. "Gahawa. Ta Abdussalam, ta gindin ɗorawa. Daga gona za ka kawo min ita. Ko gonar ta yi maka nisa ne?"

"Ba ta yi nisa ba, Baba."

"To."

Jiya ma haka ya ce. Muntaka ya nemi sauƙi, ya je wurin mai shayin bakin titi aka kaɗa masa kofin gwangwani da madara. Tsohon ya shinshina sau ɗaya ya ture da bayan hannu, ya ce a kai wa akuya.

Gonar da ake magana tana can wajen Ungogo, kuma ba gona ba ce yanzu. Muntaka ya sayar da ita bara da rani. Maƙwabta ne suka fara, na gabas ya sayar, na kudu ya sayar, aka wayi gari katangu sun kewaye ta ta ko'ina, ko amalanken taki ba shi da hanyar shiga. Magina suna zubar masa da ɓaraguzan bulo a cikin kunyoyin gonar. Ya yi shekara biyu yana rigima da su, ya gaji, ya sa hannu. Bai gaya wa tsohon ba. Tun daga nan gero daga kasuwa yake sayowa, ya juye a tsofaffin buhunan gida, da damina kuma ya zauna yana ba makaho labarin yabanyar da babu ita.

A tsakar gida Hure ta miƙa masa filas, ta rage murya. "Ka gaya masa gaskiya mana, ka huta."

"In gaya wa mutumin da bai ci abinci kwana huɗu ba? So kike ya ƙarasa?"

Ya saƙale filas ɗin a hammata ya fita.

Neman Abdussalam ma aiki ne. Shekara talatin mutumin ya yi yana dafa gahawa a ƙarƙashin ɗorawar gonar, manoma suna hutawa a wurinsa da hantsi, Malam Yahya kuma ba ya fashi. Da aka kewaye wurin sai ya ɓace. Muntaka ya hau adaidaita, ya tambayi direba ko ya san wani tsoho mai gahawa.

"Kofi kake nema, Baba? Ai yanzu ya cika unguwa. Akwai na kusa da gidan mai, akwai na saman bene. Amma wanda ake yayi shi ne na cikin sabbin gidajen nan, har daga cikin gari ake zuwa."

"Gahawa na ce, ba kofi ba."

"Ai duk ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta."

Ya sauka a gidan mai, ya leƙa, ya ga yara da wayoyi da kofunan takarda. Ya hau benen ma, wata yarinya ta miƙo masa kati mai rubutun boko, ya mayar mata. Sai wajen azahar wani mai faci ya nuna masa bayan tasha.

Can ya sami Abdussalam a jikin katanga, a zaune kan buhu, butarsa mai dogon wuya tana kan ɗan murhun gawayi, ƙananan finjalai suna jiƙe a cikin roba. Ya rame, gemun ya yi fari fat.

"Wa nake gani kamar ɗan Malam?" in ji Abdussalam. "Muntaka, ashe kana gari? Na ɗauka da ka sayar da mu ka tafi Makka."

"Baba Abdussalam, ka yi min a hankali. Ba lafiya ba."

Ya tsuguna ya ba shi labari. Tsohon ya saurara yana juya gawayi da tsinke.

"Gahawa ba wuya," ya ce. "'Ya'yan suna nan, ni nake soya abina, ba na sayen niƙaƙƙe. Citta da kanumfari ga su. Amma in ta gindin ɗorawa yake so, ba a hannuna take ba."

"Kamar yaya? Ba kai kake dafawa ba?"

"Ni nake dafawa, amma da wane ruwa? Kai ba ka taɓa lura ba, kullum kana can bayan garma. Daga rijiyar ubanka nake ja, wadda kakanka ya haƙa. Ruwan nan yana da ɗan kanwa-kanwa, shi yake kashe wa gahawa kaifi, ta sauka a maƙogwaro kamar an shafa mai. Tun da na baro wurin ban sake dafa irinta ba. Masu saye ba su sani ba, ni na sani. Malam kuwa da kurɓi ɗaya zai gane."

"Ruwa ai ruwa ne."

"Je ka gaya masa haka."

Abdussalam ya jawo wata ƙaramar jarka ya girgiza ta ya miƙa masa. "Cika min wannan. In rijiyar tana nan."

Muntaka ya yi rantsuwa tun bara ba zai sake taka layin ba. Yau ya taka. Da ƙyar ya gane wurin, don inda yake da burtali yanzu kwalta ce da fitilu. Ɗorawar ce ta nuna masa, kanta ya leƙo ta saman wata katanga mai fenti ruwan ƙasa. Motoci biyar a ƙofa. Ashe nan ne wurin da direban adaidaita yake cewa ana yayi.

Ya shiga da jarkarsa. An shimfiɗa duwatsu a inda yake shuka gyaɗa. An jera tebura a ƙarƙashin ɗorawar, an rataya mata ƙananan ƙwayayen lantarki a rassa. Samari da 'yan mata sun duƙufa kan kwamfutoci. A ciki wani inji yana huci kamar maciji, ƙamshin kuma, gaskiya, ya kai ƙamshi.

Wani matashi mai gilashi ya taso da fara'a. "Sannu da zuwa, Baba. Kamaruddeen sunana, ni ne mai wurin. Me za a kawo maka?"

"Ni na sayar da filin nan."

"Allah sarki, kai ne? Zauna, zauna. Dole ka ɗanɗana kofinmu, kyauta. Daga Mambila muke kawo shi, mu muke gasawa da kanmu. Duk yankin nan babu irinsa, ka tambayi kowa."

Kafin ya ce a'a an kawo masa a farin kofi, an yi zanen ganye da kumfar madara a kai. Muntaka ya kurɓa don kada ya yi rashin kunya. Yana da daɗi. Wannan ne ma ya fi ɓata masa rai.

"Ba shi na zo sha ba," ya ce. "Ruwa nake so. Akwai rijiya a kusurwar arewa, bayan bishiyar nan. Jarka ɗaya kawai zan ja, mahaifina ne ba shi da lafiya."

"Ruwa ai ba matsala, muna da bohol, har tace shi muke yi."

"Na rijiyar nake so."

Kamaruddeen ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga. Fara'ar ta ragu. "Baba, zo ka gani."

Suka zagaya bayan ginin, inda aka yi banɗakuna guda biyu, na maza da na mata. A daidai kusurwar akwai wani faffaɗan murfin siminti, bututu ya fito daga jikinsa ya miƙe sama.

"Magina ne suka ce tunda ga rami a haƙe, mai zurfi, an ɗaure shi da dutse, ba sai an haƙa wa banɗakin sabon sokawe ba. Wallahi ban san tana da wani tarihi ba. Da na sani..."

Muntaka ya tsaya a kan murfin. A gefe, rabi a cikin siminti, ga dutsen nan da igiyar guga ta ci ta yi masa kwari uku. Nan yake zama yana yaro, uban yana ja, yana zuba masa a ka. Wani a ciki ya ja ruwan banɗaki, ya ji yana gangarawa a ƙarƙashin ƙafafunsa.

"Ba laifinka ba ne," ya ce. "Saya ka yi."

Ya koma bayan tasha da jarkar babu komai. Abdussalam ya ɗaga ta, ya ji nauyinta, bai yi tambaya ba. Ya fasa ruwan leda huɗu a buta. Ya soya 'ya'yan gahawar a ƙaramin kasko har suka yi gumi, ya daka su da zafinsu, ya zuba citta da kanumfari. Muntaka ya ce ko a ɗan jefa kanwa a ciki.

"Ba zan yi wa Malam haɗi ba," in ji tsohon. "Kai ka saba. Ni ban iya ba."

Ya juye a filas, ya ɗauraye finjali ɗaya ya ba shi. "Kada ka cika masa, rabi ake zubawa. In ya girgiza finjalin, ya ƙoshi ke nan, kada ka matsa masa. In ya miƙo bai girgiza ba, ka ƙara. Ka ce ina gaishe shi."

Ana kiran la'asar ya iso gida. Hure ta taimaka suka tayar da tsohon suka jingina shi da bango. Ƙamshin ya cika ɗakin tun kafin a zuba. Malam Yahya ya karɓi finjalin da hannu biyu, ya daɗe yana shaƙa, sannan ya kurɓa. Ya riƙe a baki. Ya haɗiye.

"Hannun Abdussalam ne," ya ce. "Yana nan da rai ashe." Ya sake kurɓa. "Ruwan kuma na leda ne."

Hure ta dubi mijinta, ta fice ta saki labule.

"Yaushe ka sayar?" in ji tsohon.

Muntaka ya ajiye filas ɗin. "Bara da rani, Baba. Sun kewaye mu, babu hanyar shiga."

"Na sani. Tun kunun farko na sani. Geron gonata yana da garɗi a baki, wannan da kake kawowa kamar ƙaiƙayi. Shekara guda ina sha, ina jin labarin yabanyarka, ina jira ka faɗa da bakinka. Ido na rasa, Muntaka, ba hankali ba. Na gaji da haɗiyar abin ne."

"Ka yafe min, Baba."

"Gona ta kowa ta tafi, ba tamu kaɗai ba. Da ka zo ka ce min, da ni zan ce ka sayar." Ya juya finjalin a tafin hannunsa. "Ɗorawar fa?"

"Tana nan. Mutane suna zama a ƙarƙashinta, kofi suke sha."

"To, madalla. Rijiyar babana fa? Suna sha?"

Muntaka ya dubi fuskar nan da ta zama fata da ƙashi. Yanzun nan ya sauke kaya ɗaya, ko numfashi bai gama mayarwa ba. Ya tuna ƙarar ruwan nan a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Suna sha, Baba."

A waje ana jin Hure tana hura wuta.

"Da suna sha," tsohon ya ce a hankali, "da ka ɗebo min."

Ya shanye abin da ya rage. Hannunsa yana rawa saboda yunwa, har Muntaka ya kasa gane ko girgiza finjalin yake yi. Sai tsohon ya kawo ɗaya hannun ya riƙe wuyan hannun, ya tsayar da shi cak, ya miƙo.

Muntaka ya zuba masa rabi.