Layukan Appa

Thenmozhi ta sake juya sandar ƙarfen da ke ɗaukar tayoyin baya, a hankali, har ta zagayo. Babu komai a jikinta sai ƙyalli. Ta sa babban yatsa ta shafa wurin, ko yatsa zai ji abin da ido bai gani ba.

A da akwai layuka uku a kowane gefe, waɗanda aka zana da fentin farce. Ja na sanyin safiya, fari na zafin rana, shuɗi na ranar ruwa. Mahaifinta Kandasamy, wanda take kira Appa, bai taɓa rubuta awo a takarda ba. Shekara shida yana gyara mata wannan 'yar motar tsere, kuma duk abin da ya sani a jikin ƙarfen ya ajiye shi. Sai ya tura gindin taya zuwa wannan layi ko wancan, ya ɗaure, ya ce, "Je ki." Yau kwanansa goma sha ɗaya a asibiti a birnin Coimbatore, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Kowace shekara, ranar bikin kayan aiki da ake wanke sifana da guduma a yi musu addu'a, shi yake kwance motar da hannunsa, ya goge ta yana kauce wa layukan. Bana mahaifiyarta, wadda take kira Amma, ita ce ta yi. Ta cire tayoyin yadda ta ga yana yi, ta dirje ƙarfen da kananzir da soson waya, ta rataya furanni a sitiyari tana roƙon mijinta ya tashi. Thenmozhi tana asibiti tana jinyar Appa a lokacin. Ba ta gani ba sai yau da safe, da ta zo mayar da tayoyin a filin tsere.

Yau ne tseren ƙarshe na shekara. Ukun farko za a kai birnin Chennai gwajin manyan motoci. Shekararta goma sha tara, baɗi ta wuce shekarun da ake ɗauka.

"Kai, wa ya yi mata wannan wanka? Tsere kuka zo ko kasuwa za ku kai ta?"

Ilango ne, makanikin rumfar da ke kusa, da kofin shayi a hannu.

"Yaya Ilango, ka san awon Appa?"

"Ni? Uban nan naki da ko gejin iska zai duba sai ya juya mini baya? Shekara ashirin muna shan shayi tare, ko milimita ɗaya bai taɓa gaya mini ba. Tsohon marowaci." Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Ya jikin nasa?"

"Yana nan."

"To, ki buɗe tayoyin iya yadda doka ta yarda, ki fita ki ji abin da za ta ce miki."

Irin waɗannan motoci, tayoyin baya biyu a kan sanda ɗaya suke juyawa. Kafin mota ta sha kwana da kyau, dole tayar ciki ta ɗan ɗaga daga ƙasa. Idan an buɗe tsakaninsu da yawa, baya ya riƙa zamewa. Idan an matse su, motar ta kama kwalta ta ƙi saki. Thenmozhi ta san wannan kamar karatu. Abin da ba ta sani ba shi ne inda tsakiyar take.

Ta fita gwaji ƙarfe takwas, kwalta da sauran sanyi. A kwana ta uku bayan motar ya kuɓuce mata. Ta juya sau biyu, ta tsinci kanta a cikin ciyawa tana kallon inda ta fito, wata mota ta wuce ta gefenta da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Da ta cire hular kwano a rumfa, sai ta ɗauko makullin kwance noti. Ta matso da tayoyin ciki, santimita guda kowane gefe, ta ɗaure da dukan ƙarfinta.

Motar ta natsu. A zagayen neman gurbin da za a tashi tsere daga shi, ta zo ta biyu. Direban Ilango, Pravin, ya zo na uku.

Da rana ta take, kwaltar ta yi baƙi da robar tayoyin da suka wuni suna binta, har takalmi yana ɗan maƙalewa. Thenmozhi tana zaune a kan akwatin kaya da shinkafarta da ba ta taɓa ba, Ilango ya leƙo.

"Ƙanwata, buɗe ta. Ƙasa ta kama yanzu. In kika shiga a haka, motar nan tsalle za ta yi ta yi miki kamar kwaɗo."

"Nawa zan buɗe?"

"Rabin abin da kika matse. Ko fiye kaɗan. Ni dai ba motata ba ce."

Ya tafi. Ta ɗauki makullin, ta sa shi a kan notin. Ta tuna Appa yakan durƙusa a nan bayan abincin rana, amma ita waya take dubawa a lokacin. Ta tuna ciyawar nan da motar da ta wuce ta. Sai ta ɗaga kai ta hango Ilango ya dafa kafaɗar Pravin yana yi masa magana a kunne. Yaronsa ne a bayanta. Me zai sa ya gyara mata mota? Ta zare makullin ta mayar cikin akwati.

Da aka fara tseren, zagaye huɗu na farko ta riƙe gurbinta. A na biyar motar ta fara. Tana shiga kwana tayar ciki ta ƙi ɗagawa, ƙarfen jikin motar ya riƙa bugawa yana dukan haƙarƙarinta, injin ya shaƙe duk lokacin da za ta fito. Ta danna mai har ƙasa, motar tana jan jiki kamar an ɗaura mata buhu. Wani ya wuce ta a miƙaƙƙiyar hanya. Ta kare gurbi na uku har zagaye bakwai, kafaɗunta suna ƙuna. Saura biyu a gama, Pravin ya shigo ta ciki a kwana ta uku, motarsa ta ɗaga ƙafa ɗaya a hankali ta juya, ya fita.

Ta huɗu ta zo.

Ilango ne ya kama mata suka ɗora motar a bayan a-kori-kura. Ya ce kawai, "Ki gaida tsohon."

Bas biyu ta hau zuwa asibiti, hular kwano a cinyarta. A ɗakin marasa lafiya fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Mahaifiyarta tana bai wa Appa kunun shinkafa da cokali, fatar yatsunta duk ta saɓule saboda kananzir.

"Ya aka yi?" in ji ta.

"Ta huɗu."

Mahaifiyar ta ajiye cokalin. "Ta huɗu? Ai na yi wa motar komai. Ko wani abu na ɓata? Ni ban san kan motar nan ba, na dai ga datti ja da fari ya kafe a ƙarfen, da ƙyar ya fita."

Idon Appa na hagu ya tsaya a kan matarsa, sannan ya juyo kan 'yarsa. Leɓensa ya motsa, sauti bai fito ba.

"Ba ki ɓata komai ba, Amma," in ji Thenmozhi. "Ni ce na ji tsoro."

Ta karɓi kwanon, ta zauna a bakin gadon, ta ɗebo kunu. Appa ya daɗe yana kallonta kafin ya buɗe baki.