Gidan Mama Lovelyn, Muchia

Lovelyn ce ta koya wa manhajar ofishinsu raɗa suna. Kamfanin nasu ƙarami ne, a Samaru, yana raba intanet gida-gida, kowane gida da na'urarsa a kan rufi. Da can na'urorin lambobi ne zalla a fuskar kwamfuta, masu tsawo kamar layin gidan mai. In ɗaya ta mutu, sai an sha wahala kafin a gane ta unguwar Bomo ce ko ta PZ. Da ta gaji, sai ta kafa ƙa'ida: manhaja ta ɗauko sunan mai gida, ta haɗa da unguwa. Oga Oluwole, mai kamfanin, mutumin da yabo ke yi wa wuya kamar cire haƙori, har ya gyaɗa kai. Ya kuma kafa doka, kada kowa ya ƙara rubuta suna da hannu.

A cikin sunayen akwai wanda take fara dubawa kullum da safe: Gidan Mama Lovelyn, Muchia. Uwarta ce, ta rasu, 'yan'uwa sun sayar da gidan tun bara, amma na'urar tana nan da tsohon sunanta. Nan kaɗai ya rage a duniya da ake kiran gidan haka, kuma ta san ranar da mai sayen ya yi rajista, ƙa'idarta za ta share shi.

Ya kuwa yi rajistar. Ta yi tunanin keɓe wannan na'ura ɗaya daga ƙa'idar, aikin da bai fi shan ruwa ba. Amma ita ce ta fi kowa faɗa a kan masu keɓewa, ga gajiya ta yi mata katutu, ta zaman makoki da ta rabon gado. Ta zuba ido sunan ya koma Gidan Ikechukwu, Muchia. Abin ya yi mata ciwo, ba ta gaya wa kowa ba.

Da damina ta kankama, tsawa ta kashe na'urar. Aka tura Kevin, mai hawa rufi, wanda bai daɗe da fara aiki ba. Can sai ga wayarsa, yana mitar ya zaga Muchia a kan babur har ya jiƙe, bai ga gidan ba.

"Ka ce a nuna maka gidan Mama Lovelyn," in ji ta. "Kowa ya san shi."

Ta koma kan aikinta. Ba a jima ba ya sake kira.

"Anti, na tambayi mai shago da masu haya a layin. Sun ce ba su san ta ba. Amma da na ce Ikechukwu, sun nuna mini."

Ta kalli sabon sunan a kwamfutar.

"To, ka hau a hankali," ta ce. "Kwanon wajen ɗakin girki ya ruɓe."