Kwalayen Madarar Sol-bi

"Mama, me ya sa Dattijo Pyo yake taka kwalayena da takalmi?"

Sol-bi ta yi tambayar da ƙarfi, daidai lokacin da mai hoto ya ce kowa ya yi murmushi. Min-seon ta matse hannun 'yarta. Matan da ke kusa suka yi kamar ba su ji ba.

Wata takwas ke nan tun da Fasto ya yi wa'azi cewa ƙasa amana ce Ubangiji ya damƙa wa mutum, ikilisiya ta ɗauki alkawarin tara kwalayen madara. Aikin na naci ne: a wanke kwali, a tsaga shi da almakashi, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a ɗaure. Kwali mai takardar azurfa a ciki ɗaurinsa daban, kuma ofishin unguwa ba ya karɓar jiƙaƙƙe. Sol-bi, 'yar shekara shida, ta riƙe abin fiye da manya. Har na 'yan ajinsu take kwasowa, jakarta kullum tana tsami. Min-seon ta wanke jakar ba ƙorafi, don ita da bakinta ta gaya wa yarinyar cewa kowane kwali zai koma takarda, a bar wata bishiya a tsaye.

Da safiyar Lahadin bikin cika alkawarin, Dattijo Pyo ya ce ɗaurarrun kwalaye ba sa cika ido a hoto, a kwance su a tula a farfajiya. Min-seon ta je wurin Gwonsa Bang, shugabar mata, ta rage murya ta ce hadari na haɗuwa, kuma in aka gauraya, aikin ya ɓaci.

"Maman Sol-bi, yaushe aka haife ki? Dattijo ya yi magana. Je ki duba miya kada ta ƙone."

Ta koma kicin. Aka tula, aka kirawo kowa don hoto, Dattijo ya hau kan tulin ya riƙe ƙyallen rubutu, aka tafa. Baƙi sun fi ɗari biyu, aka ciyar da su a kwanonin roba na ci-ka-yar. Da suka ƙoshi suka duba wurin zubarwa, suka ga tulin takarda a tsakar fili, suka yi ta jefa kwanoni da sauran miyar kimci, jar miyar kabeji mai yaji, a kai. Ruwan sama ya ƙarasa sauran.

Da la'asar maza sun shiga taron majalisa, aka bar mata da shebur da fararen jakunkunan shara. Sol-bi na tsaye a bakin ƙofa da 'yar laimarta. Gwonsa ta raɗa wa Min-seon ta ce wa yarinyar masana'antar takarda za a kai kwalayen, yara ba sa riƙe abu.

Min-seon ta tsuguna, hannunta jajir da miya, ta faɗa wa 'yarta haka. Sol-bi ta daɗe tana kallon jakar.

"Mama, farar jaka ta ƙonawa ce. Ke kika koya mini."

Ba ta yi kuka ba. A hanyar gida ma hannunta na cikin aljihu. Washegari ta shanye madararta, ta jefa kwalin cikin shara yadda yake, idonta a kan uwarta, tana jira a ce ta ɗauko. Min-seon ta bar shi a nan.

Hoton yana nan rataye a zauren majami'a, an sa masa gilashi. Ku masu tara yara ku ɗora musu alkawari da sunan Allah, in kun san abin zai tsaya a hoto, ku bar su su yi wasansu. In kuma aikin ya ɓaci, kada ku tura uwa ta yi muku ƙaryar. Ku za ku watse bayan sujada, ita ce za ta zauna da yarinyar a teburin karin kumallo.