Harbin Ranar Suna a Kwarin Gawo

Duk wanda ya zauna ɗaki ɗaya da Basiru a Sulai, wata unguwa a Riyad ta Saudiyya, ya san tarihin gidansu, ko yana so ko ba ya so. Ni Sha'aban na sha shi har ya ishe ni. Ka dawo daga sito a gajiye, ka zuba shinkafa, kafin ka kai loma baki ya fara: su gidan maharba ne a Kwarin Gawo, can gefen dajin Falgore, kakansa ya kashe ɓauna, kakan kakansa ya yi kokawa da kura. Shi kuwa gwanin namu, in ɓera ya gitta a kicin, kan gado yake hayewa. Babbar mota yake ja, yana kai kaya shagunan Riyad, ni kuma nake loda masa. Ina son yaron nan, Allah ya sani, amma akwai ranakun da nake ji kamar in cusa masa burodi a baki.

Abu ɗaya ne in ya faɗa ba na dariya. A gidansu, ranar suna, da liman ya raɗa wa jariri suna, babban gida zai fita ƙofar gida ya ɗaga bindiga sama ya harba sau ɗaya. Wai an sanar da daji an yi sabon mutum. An yi wa Basiru, an yi wa ubansa. Yaron da ba a yi wa ba, har ya girma tsokanarsa ake yi, a ce ba a ji zuwansa ba. To, matarsa Muhibba tana da cikin fari, haihuwa a watan Maris na 2015, kafil ɗinmu kuma, mutumin da iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu, ke ƙarƙashinsa, ya ce babu hutu sai bayan azumi. Basiru ya haƙura da ganin jaririn. Abin da ya kasa haƙura da shi, shi ne ya ji ƙarar nan ko da ta waya ce.

Tun watan Disamba ya fara damun tsohonsa, Baba Mijinyawa. Ran Juma'a in mun sauko daga masallaci zai kira shi, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Baba, an sayi harsashin?"

"Wane harsashi? Kai ka san yadda ake ciki kuwa? Kuɗin da a da nake sayen kwali, yanzu ko uku ba za a ba ni ba. Zaɓe ya matso, kowa ya tsorata, mai bindiga da wanda ko riƙe ta bai iya ba, duk suna saye suna turawa ƙarƙashin gado. Ni ba za a yi wannan haukar da ni ba."

"To Baba, suna fa?"

"Zaɓe tsakiyar Fabrairu ne. Da an gama, kaya zai faɗo, in saya a natse. Jikan nawa ai ba sauri yake ba."

Lissafin tsoho ya yi kyau, sai dai ba da shi aka yi shawara ba. Ana saura mako guda, aka ɗage zaɓen zuwa ƙarshen Maris. Ranar da labarin ya iso, Basiru ya zauna a bakin mota ya riƙe kai. Baba Mijinyawa ya ɗauki lasin bindigarsa ya shiga Kano, ya tarar mai shagon da ya saba saye a wurinsa ya kulle ya tafi ƙauye, na gaba da shi kuma ya rantse ko ɗaya ba shi da shi. Kuɗi a aljihu, kaya babu. Ɗan abin da ya rage masa tun rani ya ƙarar wa birai a lambun masara. Bindiga tana rataye a bango, ba ta da maraba da sanda.

Nan ne Basiru ya yi tunanin da ba wanda zai yi sai ɗan ci-rani. Mu nan, duk abin da gida ya rasa, kago muke sa shi mu tura. Bargo, dabino, tukunyar dafa shinkafa, maganin ciwon gwiwa, har keken ɗinki na ga an tura. Hannunmu ya saba, har mun manta akwai abin da ba ya shiga kwali. Wata Juma'a ya ce in raka shi unguwar Ulaisha wurin Mamane, wani ɗan Maraɗi mai tura kaya gida. Na ɗauka kayan jarirai ne, don ya riƙo leda cike da 'yan riguna. Sai da Mamane ya gama aunawa, Basiru ya matsa ya rage murya.

"Mamane, na ji ana sai da harsashin farauta a garin nan. In na samo guda ɗaya tak, in tura shi cikin dabino, zai wuce?"

Mamane ya ajiye abin awo. Ya dube shi, ya dube ni, ya leƙa waje.

"Kai, wane ne ya aiko ka? Ni na yi maka wani abu ne?"

"Guda ɗaya fa na ce."

"Ko rabi! Wa ma zai sayar maka, kai da iƙamar direba? Kuma in aka gan shi a kayana, kana tsammanin jirgi za a sa mu a mai da mu gida? Sai mun tsufa a ɗaure, ni da kai da wannan da ya rako ka yana washe baki. Yalla, ɗauki rasit ɗinka ka fita mini!"

Ni da ban san hawa ba, ban san sauka ba, har da ni a ɗaurin. A hanya na wanke shi tas. Na ce ɗan da kake so a yi wa harbi, so kake ya tashi yana tambaya ina ubansa? Da na juya na ga idonsa ya cicciko, sai na ji duk faɗan ya fita daga raina, na saya masa shayi.

Muna shan shayin ya ce, "Akwai mai harsashi a garinmu fa. Baba Inuwa."

Baba Inuwa aminin tsohonsa ne, tare suka yi kusan shekara arba'in suna shiga daji. Shi tun zaɓen da ya wuce ya koyi darasi, da damina ya sayi nasa ya adana, lokacin Baba Mijinyawa har dariya ya yi masa. Matsalar ita ce siyasa ta shiga tsakaninsu. Ɗaya na tsintsiya, ɗaya na lema. Wata rana a bakin masallaci musu ya yi zafi, aka faɗi abin da bai kamata ba, tun daga nan ko gaisuwa sai ta hannu daga nesa.

Na ce, "To ai magana ta ƙare. Kira Baba ka ce ya je ya karɓo."

Ya kira. Amsar tsoho ba ta da tsawo.

"In je ƙofar Inuwa in yi roƙo? Ya samu abin faɗi a dandali, wai 'yan tsintsiya sun zo bara? Gara a yi sunan shiru."

Basiru ya nemi lambar Baba Inuwa wurin yayarsa Indo, ya kira shi. Ya durƙusa a tsakar ɗaki kamar tsohon yana ganinsa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gwiwa da awaki, sannan ya shigar da buƙata.

"Basiru, ka kyauta da ka tuna da ni," in ji Baba Inuwa. "Harsashi akwai shi. Amma ubanka yana da ƙafa, kuma ya san hanyar gidana. Ba na bayarwa ta bayan gida."

Na ji haushin tsofaffin nan biyu kamar in shiga wayar in gwara kawunansu. Mutane da furfura, suna ja-in-ja a kan 'yan takarar da ba su ma san da zamansu ba.

Muhibba ta sauka lafiya, namiji. Basiru ya manta da kunyar ɗan fari, ya bi sito yana raba alewa, har mudir, shugabanmu na wurin aiki, sai da ya nuna masa hoton. Amma kwanakin da suka biyo baya ya yi sanyi. Ya daina labarin ɓauna. Ban taɓa zaton zan yi kewar ɓaunar nan ba, sai ga shi na yi.

Sunan ya faɗo ana saura 'yan kwanaki zaɓe. Gida suna bayanmu da awa biyu, saboda haka lokacin da ake taruwa a ƙofar gidansu, mu hantsi ya yi, muna tsakiyar lodin katan-katan na man girki. Indo ta kira. Basiru ya dubi mudir, mudir ya ɗaga masa hannu ya ce ya je amma kada ya daɗe. Muka shiga gaban motar muka rufe ƙofa, ya ɗora wayar a kan sitiyari.

Muna jin hayaniyar maza, da kukan rago, da muryar liman. Aka yi fatiha. Maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Luƙman, Allah ya raya. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Daga nan sai wurin ya yi tsit, daidai inda ya kamata a ji abin da ba za a ji ba. Basiru ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu zai kashe wayar.

Sai ƙarar bindiga ta tashi, har wayar ta yi rawa a kan sitiyari.

Na dafe ƙirji na yi salati. Basiru ya daskare, baki buɗe. Can muka ji kaji suna kyarkyara, yara suna ihu, guɗa ta sake tashi fiye da ta farko.

"Yaya Indo! Yaya Indo, mene ne wannan? Ba Baba wayar!"

Aka yi ta miƙa waya hannu zuwa hannu, sai ga muryar Baba Mijinyawa, yana wani basarwa.

"Ka ji, ko? To hankalinka ya kwanta."

"Baba, ka je wurinsa ke nan?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ban roƙa ba, shi ma bai ba ni ba. Da sassafe ya bi gida-gida shi da mai unguwa yana cewa kada kowa ya tsorata in ya ji bindiga. Sannan ya zo da tasa, da hular jam'iyyarsa a ka, ya tsaya mini a ƙofar gida ya harba. Ko sallama bai yi mini ba."

Daga gefe wata murya ta kutso, mai kaushi.

"Gaya masa ba don kai na yi ba! Yaron nan bai da jam'iyya. Basiru, kana ji na? Daji ya ji zuwan ɗanka."

Basiru ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na juya ina kallon bangon sito, don idona ya fara ba ni kunya. Ba wanda ya tuna ya kashe wayar, muna ji Baba Mijinyawa yana cewa a kawo wa wannan ɗan leman tabarma da goro, kada ya tsaya masa a ka.