Baitocin da Nuala Ta Riƙe

Ranar da Fintan Devaney ya rera waƙar matarsa Nuala a wani gidan rediyo a Boston, ranar Nuala ta daina waƙa.

A ƙauyensu na bakin teku a yankin Mayo kowa da waƙarsa, kuma ba a rera ta wani muddin mai ita yana numfashi. Ta Nuala gadon kakarta ce, kukan wata uwa da teku ya cinye wa 'ya'ya. Fintan kuwa ya daɗe yana yawo da jita daga wannan mashaya zuwa waccan, yana rera waƙoƙin Sikotlan da na Amurka ga mutanen da hankalinsu ke kan kofunansu. Da ya rera ta Nuala, sai duniya ta waiwayo. Daga nan sai faifai, sai manyan ɗakunan taro, sai kwat mai tsada.

Da ya dawo gida ta tarbe shi kamar kullum. Ta zuba masa shayi, ta yanka burodi. Amma duk zaman da aka ce, "Nuala, saura ke," sai ta ce, "Ni ina na ga waƙa? Ku tambayi maigidan, shi ke da ita." A yi dariya, shi ma ya taya. Haka suka tsufa.

Ta rasu yana Glasgow. Ya iso ya tarar an kwantar da ita a falo, maƙwabta sun cika gida, ana ta shayi da wiski. Yayarta Attracta, wadda ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai "tauraro", ta tura masa kujera da ƙafa.

"To tauraro, yau dai ta halatta. Mai ita ta tafi. Rera mana."

Ya rufe ido ya rera, har ƙarshe. Babu wanda ya motsa.

"Ci gaba mana, Fintan," in ji wani tsohon masunci daga bakin murhu.

"Ai ta ƙare."

"A wurinka dai," in ji Attracta. "Akwai sauran baitoci, inda uwar ke mayar wa teku magana. Sai a zaman mata take ƙarasa ta. Tun kana nemanta ta san hannunka da ƙaiƙayi. Rabin waƙa ka yi ta tallatawa, bawan Allah."

"Ke kin san su?"

"Sarai. Amma mu nan ba ma ba da kayan mutane."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Aka ci gaba da zuba shayi.

Fintan ya dubi fuskar Nuala, an ɗaure mata haɓa, bakinta a rufe gam. Bai taɓa gaya mata ba cewa duk dandalin da ya hau muryarta yake kwaikwayo, kuma ko sau ɗaya bai kamo ta ba.