Sola da Mangwaron Tsakar Gida

In ka ji hayaniya a gidanmu bayan la'asar, kada ka tsorata, Baba ne da Yaya suke musu. Yaya malamin makaranta ne, ba shi da zance sai ɗumamar yanayi: hayaƙin motoci da na masana'antu ya yi yawa, zafi na ƙaruwa, damina ta rikice. Baba kuwa tsohon direban tankar mai ne, da fetur ya ciyar da mu.

"Kai, tafi can!" in ji shi. "Tun ina yaro ake zafi. Don kun yi boko sai ku ɗora wa mota laifi?"

Ni ba ruwana da musunsu, wuta nake so. Tela ce ni, kekena na lantarki ne, wutar unguwarmu kuwa sai ta ga dama. Janareto ya ishe ni, ga ƙara ga wari. Da gwamnati ta sauƙaƙa sayen sola, Yaya ya kawo mai haɗawa, yana ta washe baki kamar shi ya ƙirƙiro rana.

Mutumin ya hau rufi, ya sauko yana girgiza kai. Wai inuwar mangwaron tsakar gida ta rufe kwanon duka, sai an sare shi.

Marigayiya Mama ce ta dasa mangwaron nan, a gindinsa muka yi rarrafe.

"To, malam masani," in ji Baba, "kai da kake wa'azin dashen itatuwa, yau sarewa za mu yi don a ceci duniya?"

Ban taɓa ganin an kashe wa Yaya baki haka ba.

"Auta, ke fa?" Baba ya tambaye ni.

"A bar shi, Baba. Zan ci gaba da janareton."

Na faɗa ne kawai, amma wallahi kamar in yi kuka, don na gaji.

Mai sola ya zaga gidan, ya ce wuri ɗaya ne rana ke duka sosai, can bakin ƙofa, ana iya kafa ƙarafa a ɗora farantan sola. Duk muka sunkuyar da kai. Nan ne tsohuwar motar Baba take. Ta daɗe da mutuwa, amma kullum da safe sai ya wanke ta, ko kaza ba ta isa ta hau ba.

Washegari ina shara na ji ƙarar sarƙa. Na leƙa, sai ga masu sayen tsofaffin ƙarafa suna jan motar. Baba da kansa ya kira su. Ya bi ta har titi, hannunsa a kan gilashin baya, sannan ya dawo yana kakkaɓe riga.

"Haba Baba, motarku fa!"

"Ƙarfe ne, Auta. Je ki yi ɗinkinki." Sai ya juya ga Yaya, ya nuna shi da yatsa. "Kai kuma kada ka ɗauka ka ci ni musu. Har gobe ban yarda ba."

Yanzu kekena yana gudu tun safe, shiru babu hayaƙi, raina fes. Ta taga ina hango su a gindin mangwaron, Baba na ɓare wa Yaya nunanne yana ce masa bai san komai ba.