Gyaran Fuskar Baba

Tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, Tela ne ke yi masa gyaran fuska. Duk ƙarshen mako yakan rufe shago da rana tsaka, ya lulluɓe keken ɗinkinsa, ya taho gida da sabuwar reza a aljihu. Matarsa ta san lokacin, kafin ya shigo ruwan ɗumi na jiransa a ƙaramar roba. Sai ya jingina Baba da filo, ya shimfiɗa masa tawul a ƙirji, ya shafa kumfa. Kuncin dama ya saki, sai an ja fatar da yatsa kafin reza ta bi ta kai. Tela ya san wannan fuska fiye da tasa. Ya san inda gashi ke murɗewa a ƙarƙashin haɓa, ya san tabon da gilashin mota ya bari a gefen kunne.

Baba direban babbar mota ne a da, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsawa. Tela ne ɗansa na fari, kuma bai taɓa yin abu ya yi daidai a wurinsa ba. Baba ya so ya gaje shi a tuƙi, shi kuwa ya zaɓi allura da zare. Amma in reza ta hau fuskar tsohon sai ya rufe ido ya yi laƙwas. In an gama ya shafa kuncinsa da hannun hagu ya ce, "To." Harshen ya karye, kalmomin da suka rage masa kaɗan ne. Wannan "to" ɗin Tela ke komawa shago da ita, ta kai shi mako.

Wanka da kai shi bayi da juya shi a gado, waɗannan shi da matarsa suke rabawa. Gyaran fuska nasa ne shi kaɗai.

Ana nan sai Auta ya zo hutu.

Auta ƙaninsa ne, wanda ya tafi karatu ƙasar waje ya zauna can. Aiki yake a wani gida da ake kula da tsofaffi. Ya sauka da akwati guda da takalmi mai laushi irin na ma'aikatan asibiti. Da ya durƙusa a bakin gado, Baba ya ɗora masa hannu a ka ya daɗe bai ɗauke ba. Tela na tsaye a ƙofa riƙe da akwatin.

Kwanakin farko Auta ido kawai ya sa. Sai wata rana da ake cin abinci, Tela na ba Baba shinkafa a baki, ya ce, "Yaya, ba shi cokalin mana."

"Ya riƙe da me?"

"Da hagu."

"Hagun da ke rawa kamar allurar keke? Antinka ce za ta wanke rigar, ba kai ba."

"Ni zan wanke."

Matar Tela ta ajiye kofi tana dariya. "Yau na ga abu. Ƙanin mijina zai yi wanki. Kai da ko safarka sai na bi ka da ita."

Auta ya yi murmushi. "Anti, aiki ya koya min. Kin san a wurinmu an hana mu cewa mun ba wane abinci? Sai dai ka ce ka yi masa sapot ya ci."

"Sapot kuma? Irin na 'yan kallon ƙwallo?"

"Ita ce dai. Bature ya ɗora wa kalmar nan kaya da yawa. Ginshiƙin da ya tokare rufin ɗaki sapot ne. Bel ɗin da Yaya ke ɗaurawa saboda ciwon baya, shi ma haka. Wanda ya zo ya zauna kusa da kai ranar da aka yi maka rasuwa, ko bai ce uffan ba, sapot ya yi maka. Mu kuma a wurin aiki abin da muke nufi, kar ka ƙwace wa mutum abin da zai iya. Ka sa hannu inda ya gaza, ka janye inda bai gaza ba."

Tela ya goge wa Baba baki. "Wato ku tsaya kallo a biya ku."

"Wani lokacin haka ne."

"Mu nan ba mu san Turancinsa ba. Kashi muke wankewa."

"Haba Maigida, abinci ake ci," in ji matarsa.

Washegari Auta ya biya shago ya roƙi ragowar ƙyallaye. Tela ya nuna masa buhun da ke ƙarƙashin tebur da ƙafa, bai ɗago daga ɗinki ba. Da Tela ya dawo gida sai ya tarar an naɗe mariƙin cokali da ƙyalle har ya yi kauri. Baba na riƙe da shi a hagu, Auta na gefe ya tallafe masa gwiwar hannu da tafinsa. Rabin shinkafar na kan tawul, wata a kan zanin gado. Cokali ya tashi, ya yi rawa, ya zubar da kayansa kafin ya kai baki. Baba ya dubi cokalin, ya dubi Auta, sai ya fashe da wata dariya mai kama da tari.

Tun da ciwon ya same shi Tela bai ji ya yi dariya ba. Ya ɗauko tsintsiya ya share shinkafar da ke ƙasa.

Daga cokali aka koma riga. Auta ya kawo rigunan Baba shago ya ce a cire maɓallan, a sa abin nan mai mannewa da ake yi wa takalman yara. Tela ne ya ɗinka rigunan, shi ya zaɓi maɓallan da kansa. Ya sa almakashi ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a gwangwani. Aikin ya yi shi da kyau, don bai iya mugun ɗinki ba ko yana fushi.

Mai kemis da ke maƙwabtaka da shagon ya leƙo yana cewa, "Na ga tsoho jiya a ƙofar gida yana shan iska. Tun da Autanku ya zo ya farfaɗo. Ilimi daɗi, wallahi."

"Haka ne," in ji Tela, ya taka keke da ƙarfi har zare ya tsinke.

Ƙarshen mako Tela ya rufe shago kamar kullum, reza a aljihu. A tsakar gida ya tambayi matarsa ruwan ɗumi. Ta ɗan kawar da kai ta ce Auta ya riga ya karɓa.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. An zaunar da Baba a kujera, an jingina madubi a kan tebur. An naɗe mariƙin reza da ƙyalle mai ruwan toka, ragowar wandon wani malamin makaranta da Tela ya ɗinka a makon. Baba na jan rezar a kuncinsa a hankali, idonsa a buɗe, yana kallon kansa. Tafin Auta na ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Gyaran bai yi kyau ba. An bar gashi tsibi-tsibi, kumfa har cikin kunne.

"Saura nan, Baba. A'a, ƙasa kaɗan. Yauwa."

Baba ya ajiye rezar yana haki. Ya juya fuskarsa dama da hagu a madubi. Sai ya ce, "Auta." Kalmar ta fito sarai, ba gargada.

Auta ya hango yayansa. "Yaya, zo ka gani. Shi ya yi da kansa."

"Na gani. An bar masa rabin gemu."

"Mako mai zuwa zai fi haka."

Tela ya koma shago ya buɗe, ko da yake ba wanda ke jiransa. Sai da ya zauna ya ji rezar na tokarinsa a aljihu. Ya ciro ta ya jefa cikin gwangwanin maɓallai.

Da daddare matarsa ta ce, "Kai ma dai. Ba hutu ka samu ba? Kullum kana kukan baya."

"Na ce miki na gaji ne?"

"To me ya ɓata maka rai? Mahaifinka ne ke samun sauƙi."

Ya juya mata baya ya kwanta.

Mako ya zagayo. A ranar Auta ya fita wajen gyaran tikitinsa na komawa, ya ce zai daɗe. Tela ya dawo da wuri, ya karɓi ruwan ɗumi da kansa, ya shiga ya rufo ƙofa. Ya jera filo, ya ɗauko tawul.

Baba ya girgiza kai. Ya nuna kujera, ya nuna madubi.

"Baba, kwanta in yi maka kamar da. Minti nawa ne."

Baba ya sake nuna kujerar, wannan karon da irin kallon da yake yi wa yaran mota a da.

Tela ya ɗaga shi ya zaunar. Ya gyara madubi, ya shafa masa kumfa, ya danƙa masa rezar mai ƙyalle. Sannan ya ja da baya ya jingina da bango, ya naɗe hannuwansa a ƙirji.

Baba ya ɗaga rezar. Hannun ya kai rabin hanya ya fara rawa. Ya ɗan buɗe gwiwar hannunsa gefe, yana jiran tafin da ya saba ji a wurin. Bai ji komai ba. Ya dubi Tela ta cikin madubi.

"Ai ka iya," in ji Tela. "Sapot ake yi maka."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Bai roƙa ba, bai taɓa roƙon Tela komai ba. Ya kai rezar kuncinsa na dama, wanda ya saki, wanda sai an ja fatarsa. Tela ya ga inda za ta kama. Ya sani sarai, kuma bai motsa ba.

Jinin ya fito ja a cikin farar kumfa, ya gangara zuwa haɓa. Rezar ta faɗi cikin roba.

Sai a lokacin Tela ya taso. Ya danne wurin da tawul, ya wanke, ya manna filasta. Yankan ba mai zurfi ba ne. Ya ɗauko rezar ya ce, "Kawo in ƙarasa maka." Baba ya kawar da fuskarsa zuwa bango. Haka aka bar shi, kunci ɗaya da kumfa tana bushewa.

Da Auta ya dawo ya ga filastar, bai yi magana a ɗakin ba. Ya sami yayansa a bakin famfo yana wanke tawul.

"Shi ya yanke kansa?"

"Shi ya ce zai yi."

"Kai kana ina?"

"Ina ɗakin."

"Hannunka fa?"

Tela ya matse tawul ɗin. "Ba kai ka ce a janye ba?"

"Inda bai gaza ba na ce, Yaya. Kai ma ka sani."

"Na sani. Shekara da shekaru ina ɗaukar mutumin nan a bayana, ka zo da akwati ɗaya da kalma ɗaya, shi ke nan kai ne ɗa. Jibi ka hau jirgi. Wa zai kai shi bayi? Sapot?"

Auta ya ce, "Ni ba zan iya abin da kake yi ba. Can in na tashi aiki gida nake tafiya in yi barci."

"Ban tambaye ka yabo ba."

"To."

Ranar tafiyar Auta, Baba ya sa rigarsa da kansa, ya manne ta a karkace, aka fito da shi ƙofar gida. Ya bi motar da ta ɗauki Auta da ido har ta sha kwana. Tela ya mayar da shi ɗaki.

Gemun ya yi ta tsiro. Ƙarshen mako ya zo, Tela ya kawo ruwa, Baba ya kawar da kai. Na gaba ma haka. Wanka da bayi yana yarda, don ba yadda zai yi, amma fuskarsa ya hana. Gashin ya fito fari-fari, ya rufe inda filastar ta zauna. Matar Tela ta ce ko a kira mai aski daga bakin titi. Tela ya ce ba wanda zai taɓa fuskar mahaifinsa.

A mako na uku ya shiga da ruwan ɗumi, bai taɓa filo ba. Ya jawo kujera, ya jingina madubi, ya tsaya. Baba ya dube shi, ya dubi kujerar, sannan ya miƙo hannu a ɗaga shi.

Tela ya shafa kumfa, ya ba shi rezar. Ya durƙusa a gefen hagu ya sa tafinsa a ƙarƙashin gwiwar hannun. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Hannun ya tashi, ya yi rawa, ya tsaya. Tela ya ji yatsunsa na son su kama rezar su gama aikin cikin minti biyu, ya hana su. Da aka zo kuncin dama ya miƙa ɗaya hannun ya ja fatar, Baba bai hana shi ba.

Can Baba ya dakata. Ya motsa baki yana neman kalma.

"Auta," ya ce. "Sama."

"Auta yakan ɗaga sama da haka?"

Baba ya gyaɗa kai.

Tela ya ɗaga gwiwar hannun kaɗan. "Haka?"

Baba ya ci gaba da jan rezar, idonsa na kan fuskarsa a madubi. Tela ya riƙe hannun a inda aka ce masa.